Jar Tawadar da Ta Bushe

Akwai wani mutum mai sana'ar buga bana, irin manyan hotunan nan da ake ratayewa a wurin biki ko a bakin hanya. Yana da inji mai faɗi wanda ya cinye rabin shagonsa. Tawada huɗu injin yake sha, baƙa da shuɗiya da rawaya da ja, daga cikinsu kuwa yake haɗa kowane launi da ido ya sani. A cikin injin akwai abin da masu sana'ar suke kira kan inji. Shi ne yake zirga-zirga bisa ledar bana, yana fesa tawada ta waɗansu 'yan kafofi waɗanda kafar allura ma ta fi su girma.

Ranar da mutumin ya buɗe shagonsa, maigidansa Baba Habila, wanda ya koya masa aikin, ya ba shi umarni guda. Ya ce, "Ɗana, kowace safiya, kafin ka taɓa aikin kowa, ka buga gwaji." Gwajin nan kuwa ba wani babban abu ba ne, 'yan layuka ne na kowace tawada a gefen leda, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba. In wata kafa ta fara toshewa, a nan ake ganin giɓi, sai a wanke tun abin bai yi nisa ba.

Da fari ya kiyaye. Amma da damina ta sauka, masu sayar da taki da iri suka yi masa caa, kowa yana son bana mai koren masara da baƙin rubutu. Aiki ya yi yawa, mutumin ya fara jin kansa gwani. Ya ce a ransa, "Injin da yake aiki lafiya, me zan gwada a cikinsa?" Ya bar gwaji, ya kuma bar zuwa gaishe da Baba Habila. Koren masara ba ya bukatar ja, saboda haka jar tawada ta zauna ba aiki, tana bushewa a cikin kafofinta a hankali. Bana kuwa tana ta fita da kyau, ba wanda ya lura.

Ana nan, sai wata mace mai suna Damaris ta zo da hoton mahaifiyarta. Tsohuwar ta daɗe a kwance har an fid da rai, amma Allah ya tashe ta, ranar Lahadi kuma za a yi sujadar godiya. Damaris ta ce, "Malam, tun da Mama ta kwanta ba ta yarda ta dubi madubi ba. Har yanzu gani take ciwon bai sake ta ba. Wannan hoton na ɗauke shi ba ta sani ba, tana dariya. Ina so ta shigo coci ta ga kanta." Ta tura masa hoton a waya. Tsohuwa ce mai farin ɗankwali, kumatunta sun ciko, fuskarta tana sheƙi.

Ranar Asabar da safe mutumin ya buga. Da leda ta fara saukowa daga bakin injin, sai ya matsa ya duba. Ɗankwalin ya fita fari tas, rubutun ya fita, amma fuskar ta fito kore-kore, a ƙoɗe, ba alamar jini a cikinta. Yana tsaye yana kallo Damaris ta shigo. Ta dubi ledar, idanunta suka kawo ruwa. Ta ce, "Haka fuskarta take lokacin da muke asibiti. Ba zan bari ta ga wannan ba."

Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya ce, "Ai laifin hoton ne, 'yar'uwa. Hoton waya haka yake." Ta miƙa masa wayarta, ga tsohuwa nan lafiyayya tana dariya. Ya mayar mata da wayar. Ta ce za ta dawo da yamma, in bai yiwu ba sai a haƙura da banar.

Sai mutumin ya zauna gaban kwamfuta ya ce, "Tun da ja ne ya yi kaɗan, bari in ƙara wa hoton ja." Ya ƙara, ya buga. Kafofin da suka rage da rai suka zuba ja fiye da kima, waɗanda suka toshe ba su ba da komai ba, fuskar ta fito zane-zane, nan ja nan kore. Ya sake ƙarawa, farin ɗankwali ma ya ɓaci. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ya zargi leda, ya zargi wutar lantarki, ya zargi mai sayar da tawada. Kafin rana ta take, ƙasan shagon ya cika da fuskokin tsohuwa marar lafiya, hoton da ke cikin kwamfuta kuma ya sha taɓi har bai ƙara kama da ita ba.

A duk wannan wahala bai buga gwaji ba. Ba mantawa ya yi ba, tsoro yake ji, gama ya san gwajin ba zai zargi kowa ba sai shi. Amma da ya tuna da hawayen Damaris, ya kuma tuna da tsohuwar da za ta shiga coci gobe, sai ya ɗauki waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kira Baba Habila, kunya ta rufe shi, ya faɗa masa gaskiya duka.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya zo, ya dubi ledojin da ke ƙasa, ya dubi kwamfuta, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka bar jaki kana dukan taiki. Me hoton ya yi maka? Mayar da na asali, ka buga mini gwaji."

Ya buga. Baƙa ta fita sumul, shuɗiya da rawaya haka. Layukan ja kuwa duk giɓi ne, kamar bakin yaro mai famfara.

Mutumin ya ɗauko tsumma zai goge kan injin da ƙarfi, Baba Habila ya riƙe hannunsa. Ya ce, "Kada ka kankare, za ka kashe shi. Abin da ya daɗe yana bushewa ba ya narkewa da gaggawa." Ya jiƙa ƙyalle mai laushi da ruwan wanke tawada, ya sa kan injin ya zauna a kai, suka koma bakin shago suna cin gasasshiyar masara. Zaman nan ya yi wa mutumin wuya, yana duban rana yana duban hanya. Da suka sake gwaji, giɓin ya ragu amma bai ƙare ba. Suka sake jiƙawa, suka sake jira. Can rana ta yi sanyi, layukan ja suka fito a cike. Suka buga hoton asali ba tare da sun ƙara masa ko sun rage masa komai ba, Damaris kuwa ta zo ta naɗe banarta tana ta godiya.

Kashegari mutumin ya je sujadar, ya tsaya daga baya. Aka shigo da tsohuwar tana dogara sanda. Ta ɗaga kai ta ga banar, ta tsaya cik. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta shafa kumatunta ta ce, "Ashe dai na warke." Ta miƙa wa Damaris sandar, ta taka zuwa gaba da ƙafafunta.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: hoton asali shi ne halin Almasihu, ba shi da aibi. Mu ne injin, ta wurinmu Allah yake so mutane su ga fuskar Ɗansa. Jar tawada kuwa ita ce ƙauna. Mutum yana iya yin wata da watanni yana zuwa sujada, yana waƙa, yana hidima, aikinsa yana fita da kyau, alhali ƙaunarsa ta bushe bai sani ba. Sai ran da mai rauni ya zo yana neman ta'aziyya, ya tashi daga wurinmu ya fi dā jin ciwo.

In haka ta faru, saurin zargi muke yi: laifin gida ne, laifin zamani ne, laifin wane ne. Mafi muni, mukan koma mu taɓa Maganar Allah, mu ƙara nan mu rage can, don ta yi daidai da toshewarmu. Kada mu yi haka. Maganar ba ta bukatar gyara, zuciya ce take bukatar wanki.

Kada kuma kowa ya fid da zuciya. Kan injin nan bai mutu ba, toshewa kawai ya yi. Ubangiji ba ya zuwa da faɗa ga wanda ya kira shi da gaskiya, ba ya kuma kankare zuciya da ƙarfi. Jiƙa ta yake yi da alheri, ya zauna tare da kai har ta yi laushi. In giɓin bai ƙare yau ba, ka sake komawa.

Saboda haka gobe da safe, kafin ka taɓa aikin kowa, ka durƙusa ka ce, "Ya Uba, duba ni, ka nuna mini inda na toshe." Gama akwai wani a gidanka ko a unguwarku wanda har yanzu bai san Allah ya tashe shi ba, a fuskarka kuma yake jira ya gani.