Yarima Ukashatu da Uwar Shamuwa

A zamanin da mutum da aljan ke haɗuwa a hanya su gaisa, an yi wani sarki a Birnin Marjanu mai suna Muhallabu. Ɗansa Yarima Ukashatu jarumi ne na gaske in an zare takobi, sai dai yana da wata ɗabi'a da ta ishi fadawa. Da ya sami sarari sai ka gan shi ƙarƙashin kukar ƙofar fada yana kallon shamuwa a sheƙarsu har wuyansa ya ƙage. Fadawa suna zunɗe, wai ɗan sarki guda ya koma kiwon tsuntsaye.

A ƙasar kuwa manomi ba ya taɓa iri sai ya ga shamuwa ta sauka, domin ita ke gaba, damina na biye. Sai ga wata shekara bazara ta yi bazara, sheƙa wayam, sama ko girgijen hadari babu. Rijiyoyi suka ƙafe, yara suka fara kwana da yunwa. Masana taurari suka duba, suka ce Darmaƙusu sarkin aljanu ne ya kama Uwar Shamuwa, wadda dukkan shamuwa ke bi, don ruwa ya riƙa zuba a lambunansa kaɗai.

Ukashatu ya faɗi gaban mahaifinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini izini. Ko in dawo da ita, ko a daina jirana." Sarki ya share hawaye, ya sa masa albarka.

Ukashatu ya shiga hamada mai tafasa, inda kawalwalniya ta halaka ayari bila adadin, har salkarsa ta bushe ƙayau. Da la'asar ya ga kurciyoyi, wasu na tafiya a miƙe da sauri, wasu na dawowa a nauyaye suna hutawa. Ya san masu saurin su ne masu ƙishi, ya bi su, suka kai shi idon ruwa.

Daga nan ya isa birnin matsafa, mai ganuwar tagulla da hasumiyoyin gilashi, inda ake sayar da guguwa cikin tulu, kyanwoyi na ciniki da harshen mutane. Shugabansu, Boka Zarnuƙu, ya tare shi da fararen tsuntsaye biyu da ya mai da su kama ɗaya, ya ce, "Ya kai baƙo mai ƙarar kwana, ɗaya balbela ce mai nuna hanyar aljanu, ɗaya zalɓe ne mai kai mutum halaka. Zaɓi!" Ukashatu ya waiga ya hango shanu a ɗaure. Ya kwance wata saniya daga turke ya kora ta, nan take ɗaya ta tashi ta bi ƙafafunta tana cafke fara. Boka ya ciji yatsa, ya buɗe ƙofa.

Balbela ta kai shi fadar Darmaƙusu, ga gadaje na yaƙutu, ga ƙoramu na madara, ga sarkin kansa zaune da 'yarsa Gimbiya Safara'u a gefensa. A fili kuwa shamuwa ne dubbai, baƙin baya, farin ciki, shuɗiyar fuska, ko gashi ɗaya bai bambanta ba.

Darmaƙusu ya yi dariya har ƙasa ta girgiza, ya ce, "Ya kai ɗan Adam mai gajeren gani, waɗannan dakaruna ne suka rikiɗe, Uwar Shamuwa na cikinsu. Nuni ɗaya gare ka. In ka dace, tafi da ita. In ka kuskure, ka zama dutse, ƙasarku kuma ta zama toka."

Wallahi Ukashatu ya ji tsoro, domin kuka, tafiya da kaɗa fiffike duk sun kwaikwaya. Ya daure ya ce, "Ya shugaban aljanu, alfarma ɗaya nake nema, a bar ni sai rana ta take tsaka." Aka yarda.

Rana ta ƙwalle, duwatsu suka ɗau zafi, tsuntsaye suka buɗe baki suna haki. Yarima ya daina kallon fuka-fuki, ya sunkuya yana bin ƙafafu. Kowace ƙafa tsaf, sai sheƙi take, gwiwa ja zur. Can ƙuryar fili sai ya hango wasu ƙafafu fari fat kamar an shafe su da farar ƙasa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ga ta can!"

Darmaƙusu ya miƙe a fusace: "Wa ya gaya maka?"

Ukashatu ya ce, "Kukar ƙofar gidanmu. In zafi ya matsa wa shamuwa, kashi take yi wa ƙafafunta don ta ji sanyi. Dakarunka sun kwaikwayi komai, amma girman kai ya hana su wannan."

Gimbiya ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba, yau an kama ku! Ni dai na ga miji, in yana so." Ai kuwa yana so! Darmaƙusu ya cika alkawari, ya ɗaura musu aure.

Suka kamo hanya, Uwar Shamuwa na shawagi bisa kansu, shamuwar duniya na biye da ita, baƙin hadari na biye da su. Tana sauka kan kukar fada ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mata na guɗa, manoma suka fita da ƙoren iri suna kukan murna. Cikin ruwan nan Sarki Muhallabu ya cire rawaninsa ya naɗa wa ɗansa.

Ana cikin mubaya'a sai wata shamuwa ta saki kashi a kan rawanin babban bafade, wanda ya fi kowa zunɗe a da. Ya kai hannu zai goge, ya dubi sabon sarki, ya dubi gonakin da suka jiƙe sharkaf, sai ya sauke hannunsa ya ce, "Madalla da baƙuwa, Allah ya maimaita mana baɗi!"

Nan labarin Ukashatu ya tsaya, godiya ta tabbata ga Mai saukar da ruwa.