Tsiron da Saudat Ta Bar wa Aina'u

Akwai wata baiwar Allah mai suna Saudat, tana aiki a ofishin wani kamfanin roba da ke Sharada. A kan dakalin tagar da ke gefen teburinta akwai wani ɗan tsiro cikin tukunyar ƙasa, irin mai kaurin ganyen nan da ke ajiye ruwa a jikinsa. Gajere ne, a dunƙule kamar kan kabeji.

Mahaifinta ne ya ba ta shi. Marigayin mai kula da furanni ne a gidajen Bompai, kuma wannan ne abu na ƙarshe da ya dasa kafin ciwo ya kwantar da shi.

Ta sha fama kafin ta samar masa wuri. Ta ajiye shi ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ya yamutse. Ta kai shi tagar yamma, ranar la'asar ta ƙona masa bakin ganye. Sai da ta gwada tagar gabas, inda hantsi ke shigowa ya fice kafin azahar, sannan tsiro ya samu lafiya. Abokan aiki har tsokanarta suke yi: "Saudat, ya ɗan autan naki ya kwana?"

Da lokacin hutun haihuwarta ya zo, ba ta yi dogon tunani ba. Ga Aina'u, ƙawarta tun makaranta, wadda ita ta yi mata hanyar aikin. Kwano ɗaya suke ci, keke ɗaya suke shiga in an tashi.

"Ƙawata, ga amanar Baba," in ji Saudat. "Ruwa sai ƙasar ta bushe. Amma don Allah kar ya bar tagar nan."

Aina'u ta dafa ƙirji. "Haba Saudat! Ni za ki yi wa bayani? Je ki haihu lafiya."

Allah ya sauke ta lafiya. Duk sanda suka yi waya sai ta tambayi tsiron, amsar kuma ɗaya ce: "Yana nan a tagarsa, har juya shi nake yi kullum."

Ranar da ta koma aiki ta tarar da komai tsaf. Ga kofinta, ga dardumarta a ninke, ga tukunya a kan taga. Aina'u ta rungume ta tana cewa, "Kin ga ɗan naki? Har tsawo ya yi miki!"

Tsawo kam ya yi. Sai dai Saudat ta matsa ta ƙare masa kallo. Tsiron ya miƙe siriri, ya koɗe, ganyensa sun yi nesa da juna, wuyansa ya karkace gefe guda. Ta san wannan tsawon. Tsiro irin wannan ba ya yin haka sai an daɗe da jefa shi cikin duhu, yana miƙa wuya yana neman haske.

Ta shiga sito kamar mai neman wani abu. A saman wata kanta, can ƙarƙashin 'yar kafar iska, ta ga zagayen gindin tukunya a cikin ƙura.

Tana fitowa ta yi kiciɓis da manaja, Alhaji Gwadabe.

"A'a, Saudat! Ashe kin dawo? Ai Aina'u ta ce maigidanki ya hana ki aiki. Tun makon da kika tafi ta kwashe kayanki ta hau kujerarki, tana ta matsa mini in tabbatar mata da ita. Na ce a'a, sai na ji daga bakinki."

"Na dawo, Alhaji. Allah ya ƙara muku girma."

Jama'a, abin da ya fi ci mata rai ba kujerar ba ce. Wayoyin nan ne. Tana zaune da jaririya a cinya, ana yi mata dariya a kunne, ana ce mata yana nan a tagarsa.

Da aka tashi ta tsayar da Aina'u a bakin get.

"Da kujerar kike so, me ya hana ki faɗa min?"

Aina'u ta fara rantse-rantse, sai ta ga ba mafita. Ta kawar da kai. "To ai ga shi na mayar miki da komai. Kuma tsiro ne fa kawai, bai mutu ba."

"Bai mutu ba," in ji Saudat. "Amma ba zai taɓa komawa yadda Baba ya ba ni shi ba."

Gaskiya ta faɗa. Dole ta sa reza ta yanke kansa ta sake dasawa, tana yi tana share hawaye. Alhaji kuma ya mayar da Aina'u sashen sito, inda ba taga ko ɗaya. Ni dai ban ce da gangan ya yi ba.

Bayan wasu watanni Aina'u ta zo har gida tana kuka, ta nemi gafara. Saudat ta ce, "Na yafe miki, duniya da lahira." Suka ci gaba da gaisawa.

Da hutun Sallah ya zo, kamfani zai rufe ofis amma 'yan sito za su riƙa leƙowa. Aina'u ta matso a hankali ta ce, "Ki bar min shi, wallahi wannan karon zan kula."

Saudat ta yi mata murmushi ta ce, "Na gode, Aina'u." Sannan ta rungumi tukunyarta, ta tare keke, ta ɗora ta a cinya har gida.

Darasi: Wanda ka ci amanarsa zai iya yafe maka, amma ba lallai ya sake miƙa maka abin da yake ƙauna ba. In an ba ka ajiya, ka riƙe ta a bayan idon mai ita kamar yana kallonka. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.