Ranar da Shamsiyya Ta Share Auyo

Akwai wata Shamsiyya a Haɗeja, tana aiki da wata ƙungiyar manoman shinkafa. Ita ke kula da manyan kwamfutocin ajiye bayanai, waɗanda ake ce wa saba. Ta Guri, ta Jahun, ta Auyo, duk an yi musu rajista wuri ɗaya, rukuni-rukuni. Daga kujerarta za ta rubuta umarni a baƙin allo, ya tafi kan duk sabar da ke rukunin da ta zaɓa.

Ta iya aiki fa, ba ƙarya. Haƙurin dubawa ne babu.

Da ruwa ya ci Auyo, a kwalekwale aka fito da sabar can. Abokin aikinta Badamasi ya jefa ta rukunin gwaji don a ga ko ta tsira, ya manta bai faɗa wa kowa ba. A cikinta awon gonakin mutane yake, kowa da iyakarsa. Kwafin ajiyar kuwa ruwa ya lalata shi.

Sai Shamsiyya ta zo share rukunin gwaji kamar kullum, wato ta goge duk abin da ke cikin sabobinsa.

Badamasi na gefe yana cin ƙosai, shi ma ya manta ta Auyo na ciki, ya ce, "Hajiya gaggawa, sa allon ya nuna miki abin da ke ciki tukuna mana."

"Ni na haɗa rukunin nan da hannuna, Malam. Ci ƙosanka kawai."

Ta danna. Sunaye suka fara wucewa. Gwaji na ɗaya, an share. Gwaji na biyu, an share. Auyo, an share.

Ba abin da ba su gwada ba. Awon gonakin bai dawo ba.

Da ruwa ya janye, ya tafi da duk alamun iyaka. Wani dattijo, Malam Bunu, ya hau babur ya zo ofis, laka har gwiwa.

"'Yata, maƙwabcina ya shigo mini gona da garma, wai nan nasa ne. An ce komai yana wurinku. Buɗe ki nuna mana."

Ta ce, "Baba, babu."

"Wuta ce aka ɗauke?"

"Akwai wuta, Baba."

Ya daɗe yana kallon allon. Can ya gyara hularsa, ya miƙe.

"To, zan dawo gobe. Ƙila kafin nan ya fito."

Ta kasa ce masa kar ya zo.

Darasi: Kafin ki danna abin da ba ya dawowa, tsaya ki duba kan wa zai faɗa, ko da ke kika haɗa shi da hannunki. Ku tura wa duk mai saurin hannu da kuka sani, yanzu ba anjima ba.