Fatihu Ɗan Zari-Ruga da Ruwan Gonar Babansa

Akwai wani matashi a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Fatihu. Abin ya faru ne tun lokacin da wayar salula ta fara shigowa, sai ka zagaye ƙauye guda ba ka samu mai ita ba.

Fatihu ƙato ne, Allah ya yi masa ƙira. Dako yake yi a kasuwar Kwanar Gafan lokacin tumatir, kwandon da mutum biyu ke nishi a kansa shi kaɗai yake cilla shi mota. A nan wani koci daga Kano ya gan shi, ya ja shi wasan zari-ruga.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ƙwallo ce mai siffar gwanda, a rungume ta a ruga, ƙarti su bi mutum su maka shi da ƙasa. Fatihu kuwa kamar don shi aka ƙirƙiro ta. Ba a daɗe ba aka ce ya zo Legas, za a haɗa 'yan wasan ƙasa don wata gasa ta ƙananan ƙasashen da ba su yi nisa a wasan ba.

To, daga nan fa kai ya kumbura.

Babansa, Malam Hambali, tsoho ne mai ciwon gwiwa, daga gida sai masallaci. Gona ɗaya gare su a wurin noman rani, can ƙarshen hanyar ruwa, kuma a shekarar tumatir suka zuba mata gaba ɗaya. Da ita za a ci, da ita za a sha. Fatihu ne kaɗai namiji a gidan, shi ke ba ta ruwa.

Ku da ba manoman rani ba, bari in faɗa muku yadda abin yake a wajensu. Ruwa layi-layi ake sakinsa, kowa da ranarsa. In ranarka ta wuce ba ka jefa tiyo ka jawo ruwa cikin fangalinka ba, sai wani zagayen. Kuma ba mai taɓa maka gona sai ka ce. An sha yin rigima a kan haka, wani ya taimaka ya ba da ruwa, shuka ta ruɓe, a ce shi ya kashe ta. Shi ya sa duk mai tafiya sai ya je wurin maƙwabcinsa da ƙafarsa ya ce, "Ga amanar ruwa." Maganar ke nan, ba a biyan ko sisi.

Maƙwabcinsu a gona shi ne Baba Sammani, aminin Malam Hambali tun suna yara.

Ana gab da tafiyar Fatihu aka kira gayyar yashe hanyar ruwa. Kowa ya naɗe wando ya shiga taɓo, har dattawa. Fatihu ya zo ya tsaya a kan gaɓa da farin kambas, hannu a aljihu.

Baba Sammani ya ɗago daga cikin laka ya ce, "Kai ɗan gwanda, sauko mana. Ko ƙarfin naka na kayar da mutane ne kawai?"

Aka yi dariya. Wasa ne irin na uba da ɗa, amma Fatihu ya ɗauke shi da zafi.

Ya ce, "Baba, wannan ƙafar ta Najeriya ce yanzu. In kwalba ta yanke ni, ku za ku buga wa ƙasa?"

"To, in ka tafi bugawar, wa zai ba tumatirin ubanka ruwa?"

"Ba ku ba dai. Na riga na ɗauki mai yi mini. Kada wanda ya taɓa mana gona."

Baba Sammani ya sunkuya ya ci gaba da kwasar laka. Ni kam ko a labari wannan magana tana ba ni haushi. Bai ɗauki kowa ba fa, ƙarya ce tsagwaronta, bakinsa ne kawai ya riga hankalinsa.

Ranar tafiya Malam Hambali ya kira shi ya ce, "Ka je ka bar wa Sammani amanar ruwa?"

Fatihu ya sunkuyar da kai. Ya tuna idon mutanen gayya, ya ji ba zai iya komawa ya durƙusa ba.

Ya ce, "Na je, Baba."

"Madalla. Allah ya ba da sa'a."

Lissafinsa shi ne, an ce masa tafiyar ba za ta wuce mako ba. Ya cika fangalin da ruwa har ya kwanta, ya ce kafin layi ya zagayo ya dawo. Bai san irin gasar da za shi ba.

Da ya isa Legas, aka zube su a wani ɗakin kwanan makaranta, katifa ɗaya mutum biyu. Aka ce jibi za a tafi. Jibi ta zo aka ce motar ba ta samu ba. Aka ce ƙasar da za ta karɓi baƙi ta ɗaga wasan. Aka sa rana, aka sake ɗagawa. Kullum atisaye da safe, garin rogo da rana, jira da yamma.

Hankalin Fatihu ya fara tashi. Ya je wurin koci ya ce yana so ya leƙa gida ya dawo.

Koci ya ce, "Ga hanya nan. Amma in ka fita ƙofar nan, akwai masu jiran gurbinka."

Ya koma ya zauna. Ba waya a ƙauyensu, ba wanda zai aika. Kuma wallahi ko da akwai, ban tabbata zai iya buɗe baki ya ce ya yi ƙarya ba.

A can gida, ranar ruwansu ta zo ta wuce. Baba Sammani yana tasa gonar yana duba hanya, ko zai ga wanda aka ce an ɗauka. Bai ga kowa ba. Ya ce wataƙila makara ya yi. Layi ya sake zagayowa, shiru. Tumatir kuwa ya fara fure, lokacin da ba ya haƙuri da ƙishirwa ko kaɗan. Ganye ya lanƙwashe, fure ya fara zuba.

Baba Sammani ya kasa daurewa, kuma an ce masa a gaban jama'a kada ya taɓa. Sai ya aiki matarsa ta gaya wa Inna Mairama, uwar Fatihu, cewa gonarsu tana mutuwa da ƙishi.

Da saƙon ya iso kunnen Malam Hambali, sai ya ji kamar an watsa masa wuta.

Ya ce, "Ni Sammani zai aiko wa haka? Mutumin da aka bar wa amana?"

Inna Mairama ta ce, "Malam, ka kira shi ku yi magana mana."

"Ba abin da zan ce masa. Ruwan da ya gagare shi, ni zan bayar."

Da ranar ruwa ta zo, ya ɗauki sanda da tiyo ya fita da sassafe, yana tafiya yana hutawa. Ya isa gaɓa, ya sunkuya zai tsoma tiyon. Gwiwa ta ƙi, ƙasa ga santsi. Sai ji aka yi tsulum, ya faɗa, ƙugunsa ya daki bakin siminti.

Baba Sammani ne ya fara isowa a guje. Ya shiga ruwan har ƙirji ya ciccibo shi. Manoma suka taru. Malam Hambali yana kwance cikin taɓo, zafi ya ishe shi, ya dubi amininsa ya ce, "Sake ni, maci amana!"

Baba Sammani ya ce, "Wace amanar, Hambali?"

"Wadda yaron nan ya kawo maka!"

"Wallahi tallahi bai zo ba. Cewa ya yi kada in taɓa. Ga mutane nan, tambaye su."

Mutane suka sunkuyar da kai. Wannan ya ishi Malam Hambali amsa. Tsohon nan ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa.

Su Fatihu kuwa, sai da aka kusa cinye wata kafin mota ta samu. Suka kwana a hanya, suka sha zaman kan iyaka, suka isa wata ƙasa maƙwabciya a gajiye. Filin wasan ba ciyawar kirki, 'yan kallo ba su kai na ɗaurin auren ƙauye ba. Ba rediyo, ba talabijin, ba ɗan jarida ko ɗaya.

Aka sa Fatihu a benci. Yana zaune yana kallo aka yi musu cin kaca. Ana dab da tashi koci ya ce ya shiga. Ya shiga, ya ruga, ya kayar da mutum ɗaya, alƙalin wasa ya busa tashi. Ko ƙwallon bai taɓa ba. Wasa na biyu kuma ba a yi shi ba, don abokan karawar ba su zo ba.

A ɗakin canza kaya aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka karɓe rigunan, aka ce na baɗi ne. Haka ya dawo, ba riga, ba hoto, ba abin da zai nuna a ce ya taɓa buga wa ƙasa.

Daga tasha bai nufi gida ba, gona ya fara zuwa. Ya tarar da karmami. Baba Sammani ya ba ta ruwa bayan abin ya faru, amma ruwa ba ya tayar da matacce. Gonakin kowa jajur da tumatir, tasu kaɗai ce fara fat a tsakiya.

Ya shiga gida. Inna Mairama ta amsa sallamarsa ba ta ɗago ba. Babansa yana kwance a tabarma, mai ɗori ya ɗaure masa ƙugu da kara.

Fatihu ya durƙusa. "Baba, sannu."

"Kun ci?"

"Ba mu ci ba."

"Ka dai buga?"

Fatihu ya zuba wa ƙasa ido.

Malam Hambali ya ce, "Gona ta tafi, Allah ne mai ciyarwa. Ƙafa ta tafi, dama ta gaji. Amma na kira Sammani maci amana a gaban mutane, yana riƙe da ni a cikin ruwa. A kan maganarka na faɗa." Ya juya fuskarsa bango.

Ba a sake kiran Fatihu Legas ba. Ɗorin bai kama ba, Malam Hambali bai ƙara takawa ba. Shekarar nan sai da aka sayar da akuyoyin Inna Mairama kafin a kai damina. Fatihu ya koma gona, ya yi laushi, duk gayya shi ne farkon shiga taɓo. Baba Sammani ya yafe masa tun ranar da ya je ya durƙusa.

Amma har Malam Hambali ya koma ga Allah, duk ranar ruwa in Fatihu ya dawo ya ce, "Baba, na bayar," tsohon ba ya amsa masa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Mairama, aika a tambayo mini Sammani."

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ƙaryar da ka yi don kada ka durƙusa, wani ne zai faɗi a kanta, sau da yawa wanda ka fi so. Duk inda ɗaukaka ta kira ka, kada ka raina mutanen da za ka bar wa gida. Gona takan dawo wata shekarar, yardar iyaye in ta tafi ba lallai ta dawo ba. Ku tura wa matasanmu wannan, musamman wanda ya fara jin ƙafarsa ta fi ƙarfin taɓon garinsu.