Fuskar Alƙali Sambo

An yi wani sarki a birnin Tsauna ana kiran sa Mazadu, mai son adalci, sai dai akwai shi da gaggawa da saurin ɗaukar magana. A zamaninsa aka yi wani alƙali mai suna Sambo, wanda ya shekara talatin yana yanke iyakar gonaki, yana raba gado, har ya zamana babu gidan da hukuncinsa bai shiga ba. Da wa'adinsa ya cika aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa.

Ba a kwana uku ba sai magana ta tashi, ba a san bakin da ya fara ta ba. Wai da aka yaye mayafi za a yi masa wanka, an tarar fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, ta kau da kai daga alƙibla. Waɗanda suka ɗauki makara kuma sai yanzu suka tuna sun ji nauyin da bai yi kama da na tsoho ba. Mutane dai, Allah ya shirye mu, sun fi gaskata raɗa bisa ga abin da idonsu ya gani shekara talatin. Sai ga su a maƙabarta da tsakar rana, sun yi cirko-cirko a kan kabarin, ba addu'a ba magana, kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Duk wanda alƙali ya taɓa kayarwa ya saɓi fartanya ya nufi iyakar da aka yanke, wanda aka ba gaskiya ya tare shi da gatari.

Sarki ya nemi shawarar Waziri Haliru. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, al'adar garin nan mutum ɗaya ke shiga kan gawa ya yi mata wanka, shi ne Malam Ɗalha. Bayan shi ba wanda ya ga fuskar nan."

Sarki ya aika aka kira shi. Da tsohon ya shigo fada, ƙamshin kafur da ganyen magarya ya riga shi, fadawa suka riƙa tattare bakin rigunansu. Yana da wani irin kallo da ba a so: yakan bi mutum da ido a hankali tun daga ka har ƙafa.

Sarki ya ce, "Malam, gari na neman kamawa da wuta saboda fuska guda. In abin da ake faɗa gaskiya ne, in rushe hukuncin Sambo duka, in kuwa ƙarya ne, in sa a yi shela. Me ka gani?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani na baro shi inda na gan shi."

Ran sarki ya ɓaci. Ya ce, "In ba ka faɗa ba kafin la'asar, za a fitar da kai daga ƙasata, ka je ka mutu inda babu mai wanke ka."

Waziri ya ji tausayinsa, ya ce, "Malam, ai malamai sun halatta faɗin alherin mamaci. In alheri ka gani, kalma ɗaya ta fisshe ka."

Malam Ɗalha ya ce, "Gaskiyarka, Waziri. Amma shekarata arba'in ina wanke mazan garin nan, ban taɓa fitowa na ce na wane ya yi kyau ba. In na yabi ɗaya yau, gobe kowane gida zai zo tambayar nasa, wanda na yi shiru a kansa kuwa, shirun ya zama shaida. Daga ranar ba mai sake miƙa mini mahaifinsa ya fita hankali kwance."

Sarki ya ce, "To matso ka faɗa mini ni kaɗai."

Tsohon bai matsa ba. Ya ɗaga ido ya yi wa sarki kallon nan nasa, ya ce, "Ni na wanke marigayi mahaifinka, kana tsaye a bakin ƙofa. Na fito ban ce maka komai ba, kai ma ba ka tambaya ba. In sarki ya umarce ni in fara faɗa, daga kansa zan fara, domin shi ne babba."

Sarki ya tuna abin da ya sani game da mahaifinsa, tsoro ya kama shi. Can ya ce da ƙaramar murya, "Yaya zan yi da gari?"

Malam ya ce, "Fuskar mamaci ba ta cikin shaidun da shari'a ta sani. Hisabin Sambo yana wurin Wanda ba ya bukatar shaidata. Hukuncinsa kuwa ga shi a fili, duk mai ganin an zalunce shi ya kawo hujja gaban sabon alƙali."

Haka aka yi. Duk yawan masu fartanya, mutum bakwai kaɗai suka zo da hujja. Aka warware hukunci biyu, aka tabbatar da biyar, masu tsayuwa a maƙabarta suka gaji suka koma gonakinsu. Sarki ya ba Malam Ɗalha riga da gida, sa'an nan ya roƙe shi, ba umarni ba, cewa in ya riga shi tafiya kada kowa ya shiga kansa sai shi.

Allah ya nufa sarkin ne ya riga shi. Malam Ɗalha ya shiga, ya jima, ya fito yana goge hannu. Fadawa suka zuba wa fuskarsa ido, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya sa takalminsa ya tafi gida.

Ku sani, ya ku masu hankali, adalcin mai mulki iyakarsa inda hujja ta tsaya, abin da ke bayan nan amana ce, kuma gari na zaune lafiya ne muddin akwai mai tsoron Allah da zai riƙe ta.