Barmani da Jirgin da Ba Ya Jira

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga teku ta fito!

Ta zo mu ji ta, ko da jiƙe take!

Wata giwar teku ce, sunanta Tumba. Ba giwan ruwan da ake soyawa a kasuwa ba. Wannan ta fi ɗakin kakarku girma, nono take ba 'ya'yanta, kuma dole ta ɗago sama ta shaƙi iska. Kowace shekara danginta sukan tafi ruwan ɗumi su haihu, sannan su komo. Hanyar tun kaka da kakanni suke bin ta.

Rana tsaka sai ga Jirgi, wai hanyarsa ce. Ya bi ta kan ɗan farin Tumba. Ya bi ta kan na biyu. Ko waiwaye bai yi ba. Dangi kuwa sai ƙarewa suke. Da ta haifi ta uku, sai ta raɗa mata suna Barmani, kamar yadda mai wabi ke yi, ko Allah zai bar mata ita.

Lokacin komawa ya yi, sai Tumba ta kama hanya da 'yarta. Ta tari Jirgi ta ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka rage gudu, da goyo nake."

Jirgi ya ce, "Ni? Kin san me na ɗauko? Silifa da bokitin roba! Duniya ni take jira. Amma zan riƙa danna oda."

Kun ji adalci. Oda a sama, masu ji a ƙarƙashin ruwa.

Tumba ta koma ta ce, "Ranka ya daɗe, odar nan tsuntsaye kaɗai ke jin ta."

Ya ce, "To 'yar taki ta riƙa duba hagu da dama."

Jaririyar da ke barci a kan ruwa!

Tumba ta sake komawa, wannan karon da kuka. Jirgi ya ce, "Kwantar da hankalinki, za mu kafa kwamiti." Aka kafa kuwa. Aka sha shayi, aka yi wa mamatan addu'a, aka ɗauki hoto, aka watse.

Tana cikin kuka sai Katantanwa ta leƙo ta ce, "Yaya, share hawayenki, gishirin tekun nan ya ishe mu. Kina neman tausayi a wurin wanda ba shi da shi. Amma yana da son yabo. Bar ni da shi."

Katantanwa ta sami Jirgi a tasha ta ce, "Ranka ya daɗe, babba kamarka da ciki tsirara? Kifaye na ta yi maka dariya a ƙasa."

Jirgi ya ce, "Dariya? Ni?"

Ta ce, "Kai kuwa. Ka bari mu yi maka ado irin na manya."

Ya ce, "Ku yi! Kada ku bar ko'ina!"

Katantanwa ta kira yayyenta, ta kira ƙannenta, ta kira har surukai. Suka manne a ƙasan cikin Jirgi ƙam.

Jirgi ya tashi zai yi gudu, ina! Nauyi ya riƙe shi, sai jan ciki yake yana nishi.

Can a hanya Barmani ta ƙoshi da nono, barci ya ɗauke ta a kan ruwa. Tumba ta ɗago ta ga hancin Jirgi ya nufo su, daidai yadda ta gan shi sau biyu. Amma yau a hankali yake tafe. Ta sa kai ta ture 'yarta gefe, Jirgi ya wuce. Barmani ta buɗe ido ta ce, "Inna, wane ne wancan tsohon?"

Jirgi ya isa tasha a makare, yana ta masifa. Me ya tarar? Layin jiragen da yakan tarar kullum. Ya bi sahu ya jira kamar yadda ya saba. Ashe duk gudun nan, gudun zuwa jira ne. Silifa kuwa ko ɗaya bai ruɓe ba.

Shi ya sa har yau katantanwa ke manne a cikin jirgi, ana kankare ta tana komowa, don ba ta yarda da alƙawarinsa ba. Ku kuma in kun girma kun zama matuƙa, ku rage gudu da kanku. Kaya za su iya jira, amma uwar da aka take wa ɗa ba a mayar mata da shi.

Ƙurungus, kan ƙaguwa!