Maɓallin Rigar Likita

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sa muka zauna a gaban Shehinmu, malami masani, fakihi mai tsantseni, zahidi wanda duniya ba ta taɓa samun masauki a zuciyarsa ba, Allah ya ƙara masa yarda da nisan kwana. Ilminsa kogi ne, amma maganarsa kaɗan ce, har mukan yi wa juna ba'a cewa wanda ya yi atishawa a majalisinsa ya rasa rabin darasi. Karamominsa suna da yawa a bakin almajiransa, sai dai ni ba zan faɗi abin da aka ba ni labari ba. Abin da idona ya gani a kan yayata shi zan faɗa.

Yayata tela ce, kuma da keken ɗinkinta ta riƙe 'ya'yanta tun bayan rasuwar mijinta. Sai ciwon gaɓoɓi ya kama ta. Kullum da safe yatsunta sukan tashi a kumbure, a sanƙare, ba ta iya riƙe almakashi, gwiwoyinta kuma sukan hana ta sujada sai a zaune. Ta je wurin likita na farko, bai ko ɗago kai ba ya ce shekaru ne, alhali ko furfura ba ta fara ba. Na biyu ya ce ta rage ƙiba. Na uku ya dube ta daga inda yake zaune, ya ce shi bai ga komai ba, ta rage tunani, ya rubuta mata ƙwayar kashe zafi, ya ce a kira na gaba. Babu wanda ya taɓa hannunta a cikinsu.

Abin da ya fi ciwon yi mata zafi shi ne yadda maganar ta biyo ta gida. Dangi suka fara cewa tunda likita ya ce babu komai, ai raki ne, wata gwaggonmu ma ta ce son jiki ne ya same ta da girma. Ranar da na je na tarar ta lulluɓe keken da tsohon zane, ta tura shi lungu, raina ya ɓaci ƙwarai. Ta ce mini, "Auta, ka nemo wanda zai ɗauke shi. Ni da asibiti kuma har abada, ba zan ƙara kai kaina inda za a mai da ni maƙaryaciya ba."

Ni mutum ne mai saurin hawa, don haka na tafi majalisin Shehi da niyyar in nemi addu'a, in kuma nemi izinin zuwa asibitin in zazzage wa likitocin abin da ke cikina. Bayan la'asar da aka tashi daga karatu, na matsa kusa da buzunsa, yana mayar da littattafai kan kantarsu ɗaya bayan ɗaya, na kwashe labarin duka na gaya masa, har da abin da na tanadar wa likitocin. Ya saurare ni har na gaji don kaina, sannan ya yi murmushi, Allah ya ƙara masa daraja, ya ce, "Ajiye faɗan nan, ba zai sauke kumburi ba. Yayarka takan gasa hannunta da ruwan ɗumi kafin ta fita, in kuma an tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi."

Na yi mamaki, domin ban faɗa masa haka ba, ni kaina ban sani ba, kuma bai taɓa ganin yayata ba. Ya ce, "Ka gaya mata, faɗa wa likita ciwo ba kai ƙarar Ubangiji ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ku koma gobe da sassafe, kada ta gasa hannun, kuma ta tafi da allura da farin zare." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, allura kuma? A asibiti?" Ya ce, "Akwai ɗinkin da ke jiran ta." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya, ya shafa, ya ci gaba da jera littattafansa.

Da na isar da saƙon, yayata ta ce, "Wa ya gaya masa zancen ruwan ɗumi?" Ashe kullum sai ta jiƙa hannun ya saki kafin ta iya ɗaura ɗankwali, don ba ta son ta fita a wulaƙance, kuma kafin layi ya iso kanta rana ta yi, kumburin ya faɗa. Ta ce ta riga ta yi rantsuwar zuci, amma maganar Shehi ba abar mayarwa ba ce. Washegari 'yarta ce ta ɗaura mata ɗankwalin, ta soka mata allurar a bakin mayafi.

Muka zauna a kan dogon benci a barandar asibitin, mutane cike, ƙofar likitan da ya ce ta rage tunani tana gabanmu a rufe. Yayata ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi, ni kuwa ina ta haɗiye faɗan da aka hana ni. Can sai ga wata likita da ba mu taɓa gani ba ta taho da sauri za ta wuce wani sashe, gefen farar rigarta ya maƙale a hannun keken marasa lafiya da aka ajiye a hanya. Maɓalli ya tsinke, ya gangaro a kan siminti, ya wuce ƙafafun mutane da yawa, bai tsaya ba sai da ya bugi takalmin yayata.

Duk wanda ya zauna da tela ya san ba sa iya ganin riga ba maɓalli su yi shiru. Kafin in ankara yayata ta ce, "Likita, tsaya 'yar nan, kada ki shiga cikin mutane haka. Ga allura a jikina." Likitar ta yi dariya ta tsaya. Na ɗauko maɓallin, yayata ta zaro allurar da ƙyar, ta kama zaren za ta zura, yatsun suka ƙi haɗuwa. Ta sake gwadawa, allurar ta faɗi. Matar da ke zura zare ba ta ko dubawa, ga ta yau a gaban jama'a ta kasa, hawaye ya cika mata ido don kunya.

Dariyar likitar ta ɗauke. Ta durƙusa a kan simintin nan, ta kama hannuwan biyu, tana latsa gaɓoɓin a hankali ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baba, yaya jikin?" Na ga bakin yayata ya buɗe zai ce da sauƙi, sai ta rufe shi, ta numfasa, ta ce, "Babu sauƙi, 'yar nan. Wallahi babu sauƙi." Daga nan ta faɗi komai, ba ta rage ba, likitar kuma ba ta katse ta ba ko sau ɗaya. Ashe ita ce mai duba ciwon gaɓoɓi, kuma ba kullum take zuwa asibitin ba.

Ta shigar da mu ofishinta, ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, daga baya ta ce ciwo ne sananne mai suna, ba ya warkewa gaba ɗaya amma yana jin magani in an bi shi da haƙuri. Yayata ta ce da ta ji ciwon yana da suna, sai ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Da za mu fita likitar ta danƙa mata maɓallin, ta ce, "Riƙe shi a wurinki. Ranar da kika ɗinka mini shi, ranar zan yarda maganina ya yi aiki."

Watanni suka shuɗe muna zuwa, rigar likitar tana maƙale da fil. Ranar da yayata ta zura zaren a karo ɗaya ta ɗinke maɓallin a jikin likitar, ta ciji zaren, har ta yi mata faɗan cewa sauran ma duk sun yi sako-sako, ina tsaye a wurin. Keken ya fito daga lungu, kuma gwaggonmu mai zancen son jiki ita ce ta fara kawo ɗinki.

Na koma na ba Shehi labari, na ce wannan karama ce bayyananniya. Bai ɗago daga littafin da yake dubawa ba, ya ce, "Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, shi ya tsinke zaren maɓallin. Ku yi wa likitar addu'a, ita ce ta durƙusa."

Tsarki ya tabbata ga Allah mai ɓoye bayinsa na gari a cikin tawali'u. Ya Ubangiji, ka ƙara wa Shehinmu kusanci, ka ba mu albarkacinsa duniya da lahira, kuma duk mai ciwon da aka ƙi saurara, ka gangaro masa da nasa maɓallin har gaban ƙafarsa. Amin.